Mayafin Kaka Letay

Mihret ta karanta takardar a tsaye bakin ƙofa, ko takalmin aiki ba ta cire ba. Ita da 'yarta Saron sun zama 'yan ƙasar Norway, ana kuma gayyatarsu bikin rantsuwa a nan Drammen. Ta jira farin ciki ya zo, bai zo ba. Bara war haka mahaifiyarta Letay ta rasu a Keren, can Eritrea, aka binne ta ba tare da Mihret ba, don 'yar gudun hijira ba ta da halin komawa.

Saron kuwa, mai shekara bakwai, tsalle ta kama yi.

"Mama, wane bunad zan sa? Tuva ta ajinmu ta ce nata na ƙauyen kakarta ne. Wai wanda ba shi da ƙauye ba shi da riga."

"Tuva ta cika baki. Wanke hannu ki zo ki ci abinci."

Amma maganar ta tsaya mata a rai. Washegari da ta tashi daga aiki ta biya kanti ta sayi wata riga mai kama da bunad, wato rigar gargajiyar mutanen Norway, ta sauka da ita wurin Gunvor, tsohuwar tela da ke zaune a ƙasan benensu, wadda ke riƙe mata Saron idan aiki ya tsare ta.

Gunvor ta ɗaga rigar da yatsu biyu. "Wannan ai labulen taga ne aka yi wa hannu. Da raina jikata ba za ta fita da shi ba."

Ta buɗe akwati ta fito da wani ɗan ƙaramin bunad baƙi, an yi masa aikin furanni, wanda 'yarta ta sa tun tana yarinya. Ya zauna wa Saron kamar don ita aka ɗinka.

"Tsaya cak, mai kunnen ƙashi, ko in ɗinke ki da kujera," in ji Gunvor. "To, kin san ba a ganin bunad a wuce ba a tambaya ba. Idan aka ce miki, rigar ina ce wannan, ta wa ce, me za ki ce?"

"Ta Hallingdal ce, ta kakata..." Saron ta juyo. "Mama, in ce Gunvor ce kakata? Ai Kaka Letay ba ta da riga."

Mihret ta dubi 'yarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Cire a hankali, kada ki ja zaren." Ta hau sama ta dawo da wani ƙunshi a cikin leda.

Farin mayafi ne, bakinsa da aikin ja da kore. Letay ce ta cire shi daga kafaɗarta ta yafa wa Mihret ranar da ta baro gida. Har yanzu akwai ƙamshin turaren wuta da soyayyen kofi a jikinsa. Shi ya sa Mihret ba ta cika buɗe ledar ba, sai ranar da kewa ta fi ƙarfinta, ta shaƙa sau ɗaya ta yi maza ta ɗaure.

Gunvor ta murza bakin mayafin. "Auduga ce, saƙar hannu. Za ta yi riga mai kyau. Amma sai an wanke kafin in sa almakashi, in ba haka ba za ta tsuke bayan ɗinki." Ta ɗago ta ga fuskar Mihret, ta kai mayafin hanci, sai ta gane. "A'a, 'yar nan, mayar da abinki. Aron riga ba abin kunya ba ne."

"Riga ana aro, Iya. Kaka fa?"

"Ƙamshin nan idan ya tafi ba ya dawowa."

"Na sani. Ni na san fuskarta, na san muryarta. Yarinyar nan ba ta da komai nata."

Ranar Asabar da hantsi Mihret ta tara ruwa mai ɗumi a roba. Kafin ta tsoma, ta kira Saron.

"Zo ki shinshina. Ja da kyau. Haka kakarki take."

Saron ta binne fuska a ciki, ta ɗago tana yamutsa hanci. "Mama, ai hayaƙi ne!"

Mihret ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Ita ma ta shaƙa, ta daɗe, sannan ta danna mayafin cikin ruwa da hannu biyu.

Ranar biki zauren ya cika da tutoci da jarirai masu kuka. Saron na zaune tsakanin uwarta da Gunvor cikin farar riga, aikin ja da koren ya zagaye wuya da ƙasa. Wani dattijo mai raba takardun waƙa, shi ma sanye da nasa bunad ɗin, ya sunkuyo.

"Ke 'yar budurwa, wannan kam ban taɓa ganin irinta ba. Rigar ina ce?"

Mihret ta riƙe numfashi.

"Ta Keren ce," in ji Saron da ƙarfi, har na gaba suka waigo. "Ta kakata Letay. Ta rasu. Gunvor ce ta ɗinka, ta soke ni da allura sau biyu."

"Sau ɗaya, maƙaryaciya," in ji Gunvor tana share ido.

Aka ce sababbin 'yan ƙasa su miƙe. Mihret ta sunkuya kamar za ta gyara wa Saron wuyan riga, ta kai hanci kafaɗarta. Sabulu kawai ta ji. Ta sake shaƙa, ko da saura. Babu.

Saron ta ja hannunta. "Mama, tashi, mu ake jira."

Ta tashi.