Rabi Nasa, Rabi na Saje

"Ki ce mata sun zube a kwatami," in ji Merv, yana tsaye a ƙofar kicin ɗina da hularsa a hannu.

Na rufe bakin wayar da tafin hannuna. "Wancan watan ma kwatami ka ce."

"To ki ce ɓera."

Wadda nake magana da ita Glenys ce, mai zaman tebur a ɗan asibitin garinmu. Duk mai son a sabunta masa takardar magani sai ya bi ta hannunta. Tun da asibitin ya koma turo takardar ta saƙon waya, ni nake yi wa maƙwabcina Merv wannan hidima, don wayarsa irin ta dā ce, kuma a aljihun motarsa take kwana. Glenys ta ce ita ba ta ƙi ba, amma maganin wata guda ba ya ƙarewa a tsakiyar wata, sai dai in akwai mai taya shi sha. Ta ce ba za a ƙara rubuta masa ba kafin lokaci sai likita ta gan shi. Daga ƙarshe ta ce in yi masa godiyar lemun tsami.

Mai taya shi shan kuwa yana kwance a kan tabarmar ƙofata yana tari. Sunansa Saje, tsohon karen kiwo ne da ya bi Merv rumfunan askin tumaki har ƙafafunsu duka suka gaji. Ni da Saje ba ma ga maciji, tun ranar da ya tone min furanni ya binne ƙashin rago a wurin.

Abin da ya faru shi ne, zuciyar Merv ta yi rauni, ruwa yana taruwa masa a jiki, aka ɗora shi a kan wata 'yar farar ƙwaya mai fitar da ruwan. Ba a jima ba Saje ya fara irin tarin nan. Merv ya kai shi wajen likitan dabbobi a babban gari, aka ce ciwon iri ɗaya ne, maganin ma iri ɗaya, amma a shekarun karen gara a yi masa allurar hutu, wadda ba a farkawa daga ita. Merv bai tsaya jin sauran ba. Ya ɗauki karensa ya jefa a bayan a-kori-kura, ya dawo gida ya rantse ba zai sake taka wurin ba. Tun daga ranar, in ya sha ƙwayarsa da safe, sai ya cusa wata a cikin cuku ya miƙa wa Saje.

Maganin kuwa ba ya wasa. Da sun sha ba a daɗewa za ka ga su biyun sun fito da sauri-saurin tsofaffi, sun nufi bishiyar lemun tsamin da ke bayan gidan Merv. Merv ya gaji imanin nan daga ubansa, cewa babu takin da lemun tsami ke so kamar fitsarin namiji. Saje ke fara ɗaga ƙafa, sannan ya matsa gefe ya jira maigidansa. Ta tagar kicin nake ganinsu, ba don ina so ba. Bishiyar dai ta yi 'ya'ya har rassanta na taɓa ƙasa, kuma duk wata sai Merv ya cika jaka ya aika wa Glenys. Ni ban taɓa karɓar ko ɗaya ba.

Da Glenys ta toshe hanya, Merv bai yi gardama ba, kuma wannan ne ya kamata ya tsorata ni. Sai kawai ya daina zuwa neman ƙari. Na ɗauka ya haƙura ne, har ranar da na gan shi yana shara da silifas, shi da ko coci da takalmin aiki yake zuwa. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum. Ashe raba ƙwayar yake yi biyu da wuƙar aljihu, rabi nasa, rabi na Saje.

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Na ce masa ko ya shiga mota mu je asibiti, ko in ɗauki waya in zayyana wa Glenys komai, har da labarin lemun tsamin.

"Noelene, ashe ke muguwa ce," ya ce. "In suka sani, za su ce a kai Saje can a yi masa allurar."

"In ka mutu da silifas a ƙafa, wa zai hana a kai shi can?"

Ya yi ta murza hula. Daga baya ya ce zai je, amma da Saje.

Haka muka shiga ɗakin jira mu uku. Glenys ta dubi karen, ta dubi allon da ya hana shigowa da dabbobi, ta ce ta bar tabaranta a gida. Likita Fonseka, 'yar siririyar mace da ta shekara goma tana fama da taurin kan mazan garin nan, ta saurari ƙirjin Merv, ta danna ƙafarsa yatsanta ya nutse. Ta tambaye shi ina sauran maganin yake tafiya. Kafin ya buɗe baki ya ambaci ɓera, Saje ya yi tari daga ƙarƙashin kujera.

Likita ta durƙusa ta ɗora abin sauraron a ƙirjin karen. Ta daɗe tana ji.

"A cikinku biyu, shi ya fi bin umarnin likita," ta ce.

Ta yi wa Merv faɗa sosai, irin wanda 'ya ke yi wa uba. Ta ce ita ba ta da ikon rubuta wa kare magani, amma a gabanmu ta kira likitan dabbobin, suka yi magana, aka yarda a ba Saje nasa da sunansa, ba maganar allura. Merv ya fito yana ta gunaguni cewa ƙwayar karen ta fi tasa kyan kwali.

Ya samu sauƙi na ɗan lokaci. Takalmin aiki ya sake shiga. A kwanakin ne na tarar ya cire katako ɗaya daga shingen da ke tsakaninmu, ya ce gara ta ci shi, zai kawo sabo. Na duba katakon a jingine, lafiyarsa lau. Na ɗauka rigimar tsufa ce, na ƙyale shi.

Wata safiya da bishiyar ke fure, na ga Saje ya je gindinta shi kaɗai ya dawo. Na leƙa ta shingen. Merv na zaune a kujerar baranda da takalmansa a ɗaure, kofin shayi a gefe, kansa ya ɗan karkata kamar mai sauraron rediyo. Na zauna kusa da shi na yi kuka, ban ji kunyar karen ba.

Bayan jana'iza aka taru shan shayi a zauren coci. Glenys ta kawo kek na lemun tsami, kowa na ci yana yabawa. Na ce sukari ya hana ni. Ta matso kunnena ta ce, "Na sani tun tuni, Noelene. Wankewa nake yi."

'Yar Merv, Rhonda, ta zo daga birnin Perth. Mutuniyar kirki ce, amma a gidan bene take haya inda ba a yarda da kare ba, kuma ta riga ta yi magana da likitan dabbobi a kan allurar. Tana faɗa min haka a bayan gidan, idona na kan giɓin shingen nan, daidai faɗin kare. Sai a lokacin na gane abin da tsohon ya kasa roƙona da baki.

"Ki bar min shi," na ce. "Dama ni ce mai kiran waya a kan maganin."

Yanzu duk safiya nakan yanka cuku in cusa ƙwayar a ciki. Saje ya haɗiye, ya ɗan kwanta, sannan ya tashi ya ratsa ta giɓin shingen zuwa gidan da ba kowa. Yakan ɗaga ƙafa a gindin bishiyar, ya matsa gefe, ya tsaya yana kallon ƙofar baya.