Na Shanya Baba a Bayan Gilashi

Jama'ata, barkanmu da warhaka! Ku matso ku sha labari. Ni ne na sha kunya a cikinsa, don haka ku yi dariyar a hankali.

Babana mai gyaran agogo ne. Shagonsa na can ƙasan bene a kasuwa, inda ko da tsakar rana sai an kunna fitila. Shekara ashirin da 'yan kai yana shiga da sassafe, ya fito rana ta faɗi.

Watannin baya mura ta zagaye gidanmu. Ni kwana uku na miƙe, Umma kwana biyar. Baba kuwa sai ta sauka masa a ƙirji. Kwana tara ya yi a asibiti da robar iska a hanci, yana jan numfashi kamar mai hawan bene da buhu a ka.

Da ya samu sauƙi, likitar ta nuna mana gwajin jininsa. Ta ce bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa sosai, kuma ana ganin irin wannan cutar kan fi jigata masu ƙarancinsa. Ta rubuta ƙwayar bitamin ɗin, ta ce ya riƙa shan hantsi, don hasken rana ke sa jiki ya samar da shi.

Muna isa gida Baba ya jefa ƙwayar a aljihun tebur. "Rana na sama tana kallona, in sha ta a kwalba?" Tsakar gida ma ya ƙi zama. "So kuke maƙwabta su ga an shanya ni kamar wanki?"

Nan gwaninku ya kawo dabara. Na goge gilashin tagar falo har yana ɗaukar ido, na ja kujera gabansa. Kullum ƙarfe tara in zaunar da Baba, in rufe tagar ruf kada iska ta buge shi. Har juya shi nake yi: "Baba, hagu ya gasu, saura dama."

Bayan sati shida muka koma gwaji, ga tari ya fara dawowa. Likitar ta dubi takarda, ta dubi Baba.

"Baba, kuna shan ranar kuwa?"

Na yi caraf na zayyana mata aikina, ina jiran yabo.

"Tagar a rufe?"

"Ruf, Likita! Ko sauro ba ya shiga."

Ta ajiye biro. "Ƙanina, gilashi na tare hasken da fata ke buƙata. Zafi kawai ya sha."

Baba ya juyo. "Kai ɗan nan, sati shida kana gasa ni a banza?"

"To ƙwayar fa?" in ji ta.

Baba ya harare ni, irin hararar nan ta kar ka kuskura. Na tuna robar nan a hancinsa. Na ce, "Tana aljihun tebur, ko buɗe ta ba a yi ba."

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Baba, in batirin agogo ya mutu, lallashinsa kuke yi ko sabo kuke sa masa?"

Baba ya yi dariya har ya sarƙe.

Yanzu kullum sai ya haɗiyi ƙwayarsa, ya fito tsakar gida da farantin agogunansa ya yi aiki kafin ya wuce shago. Tarin ya tafi, gwaji na uku ya yi kyau. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri.

Ni dai kwana biyu Baba bai amsa gaisuwata ba. Ku da ku ne, da kun tona masa asiri a gaban likita ko kun yi gum?