Gidan da Nicanor Ya Bari

Nicanor Becerra ya sauka daga bas a tasha ta ƙarshe, inda kwalta ta ƙare, ya tsaya yana duban layukan gidajen Lomas del Sauce. Awa biyu da rabi daga birnin Guadalajara inda yake aiki, kamar yadda yake tun dā. Wannan tafiyar ce ta gama da shi. Rabin abin da yake samu a aikin walda ya tafi a kuɗin mota, rabi a bashin gidan. Da takardun banki suka fara zuwa da jan hatimi, sai wata Asabar ya ɗauko motar haya, shi da iyalinsa suka kwashe kaya, ya bar makulli a jikin ƙofa. Ya ɗauka magana ta ƙare.

Shekara huɗu ke nan. A cikinsu matarsa Yolanda ta ɗauki 'yarsu ta koma wurin iyayenta a Colima, shi kuma ya kama ɗaki guda a saman wani shagon tayoyi. Sai ga shi jiya lauyan banki ya same shi a wurin aiki, a gaban maigidansa, yana kiransa Don Nicanor, irin kiran girmamawa na can.

"Gidan har yanzu da sunanka yake, Don Nicanor. Ka miƙa mana shi babu kowa a ciki, ka sa hannu, mu rabu lafiya. In ba haka ba, mu fara yanka daga albashinka."

"Ai babu kowa a ciki."

"An ce akwai. Je ka fitar da su."

Yanzu Nicanor ya bi tsohon layinsu a hankali. Gida bayan gida, babu ƙofa, babu taga, an zare wayoyin wuta har daga cikin bango. Shagon da yake sayen burodi ya zama ɗakin karnuka. Ya ƙirga gidaje goma sha ɗaya bai sami wanda zai gaisar ba.

Na goma sha biyu shi ne nasa. An yi masa koren fenti, an jera barkono a gwangwanaye. Wata dattijuwa da ke shanya ta hango shi, ta ajiye zanin ta ɗauki tsintsiya.

"Daga banki kake?"

"A'a."

"'Yan sanda?"

"Ni ne mai gidan."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan takalmansa da tartsatsin walda ya huhhuda.

"Mai gida? Da waɗannan takalman? To shigo, mai gida, kada rana ta kashe ka a ƙofarka a ce ni ce."

Sunanta Herminia, ana ce mata Doña Herminia saboda girmamawa. Ta zuba masa wake, ta ɗumama tortilla, gurasar masara, ta zauna tana kallonsa yana ci. Ya daɗe bai ci abinci wani yana zaune a gabansa ba, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Da muka zo," in ji ta, "ko masai ɓarayi ba su bari ba. Sati uku ina kwashe ƙazanta. Ƙofar nan da kake gani, da kuɗin tamale, alalen masarar nan, na saye ta, a tasha nake sayarwa."

Daga ɗakin da yake na 'yarsa a dā aka yi tari. Nicanor ya leƙa. Wani tsoho ne kwance, ɓarin jikinsa a shanye, idonsa a sama. A silin, taurarin takarda da Nicanor ya manna wa yarinyar suna nan, sun yi dishi-dishi.

"Mijina ne, Evaristo. Su yake kallo duk yini. Na so in ɓamɓare, ya ce in na taɓa zai sake ni." Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya. "Faɗi abin da ya kawo ka, bawan Allah. Na san ba kewata ce ta kawo ka ba."

Ya faɗa mata, kansa a ƙasa, bai rage komai ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta wanke kwanon da ya ci a ciki, ta kife, ta goge hannu.

"Ni zan iya kwana a tasha, na saba. Shi kuwa, ga shi can. Shiga ka ɗauke shi ka ajiye inda ka ga dama. Ni bayana ya gaji da ɗaukarsa."

"Minia," tsohon ya kira matarsa da nauyin harshe, "wa ya zo?"

"Mai gida ne."

"To a ba shi kujera mai kyau mana."

Nicanor ya miƙe. Ya so ya ce wani abu, sai ya ji kansa yana cewa bututun tankin da ke kan rufi yakan toshe da damina, a riƙa zura masa waya. Ta ce ta gano wannan tuni. Ya gode mata da abinci, ya fita.

A tasha ya zauna a kan wani karyayyen bulo, ya daɗe yana juya wayarsa a hannu kafin ya kira.

"Lauya, ban gane gidan ba."

"Ba ka gane gidanka ba?"

"An cire lambobin. Duk iri ɗaya ne."

"Don Nicanor, kada ka mayar da ni yaro. Ka san abin da zai biyo baya ƙarshen watan nan."

"Na sani."

Ya kashe wayar. Ya nemo lambar Yolanda, don dole ya gaya mata kuɗin makarantar yarinya zai ragu, ya kalli sunan, ya bar shi sai gobe.

Bas ta iso, ta juya, babu kowa a cikinta. Ya shiga ya zauna a bayan direba, direban ya waiwayo.

"Kai kaɗai, maigida? Ko mu ɗan jira a sami wani?"

Nicanor ya duba layin ta taga.

"Mu tafi," ya ce. "Babu mai zuwa."