Ɗan Fari a Bangon Mujalla

Tsohuwar mujallar asibitinmu ta Tanout masu ƙosai ne kaɗai suka san amfaninta. Da Faransanci zalla ake buga ta, hoton bangon kuma kullum direkta ne da tabarau. Da aka kawo wani ɗan jarida, Akila, daga Zinder ya gyara ta, sai ya rantse kowa zai ga kansa a ciki: Bahaushe, Buzu, Bafillace, har mai jin Faransancin.

Ni Hulda ungozoma ce, kuma ni na kai shi ɗakin awon jarirai neman hoto. Ya zaɓi Dado, wata Bafillatana daga Tenhya, da jaririnta Abubakar. Ya yi ta ɗauka, ita kuwa ta ƙi kallon yaron, sai kallon taga. Akila ya ce ai ma ya fi kyau, kamar tana tunanin makomar ƙasa.

Mujalla ta iso a kwalaye, gwanin sha'awa. A ƙarƙashin hoton, Akila ya sa wa Dado magana a baki: "Ina son ɗana Abubakar, shi ya sa nake kawo shi rigakafi." Da Hausa, da Faransanci, da Buzanci, da Fillanci. Yana ta washe baki, yana cewa ba wanda zai ce bai gane ba.

Kafin a fara rabawa, Dado ta kawo yaron rigakafi. Akila ya karanta mata da alfahari. Sai ta rufe fuska da gyale, ta tsuguna.

"Malam, ka kashe ni," ta ce. "Ɗan fari ne fa! Ko sunansa ban taɓa faɗa ba. Surukata ta ji na ce ina son shi, a gaban duniya, ina zan sa kaina?"

"To ba kya son shi ne?" in ji Akila.

Na harare shi. Shi ma ɗan fari ne, har yau uwarsa "wancan" take ce masa, amma na'urar ɗaukar hoto ta mantar da shi. Ya dafe kai. Ya tuna cewa motar asibiti za ta bi ta Tenhya da mujallun, kuma akwai ɗan makaranta a kowace ruga da zai karanta wa tsofaffi, da Fillanci ma kuwa.

Sake bugawa ba zai yiwu ba. Haka muka zauna, har da lokotoro, babban likitanmu, kowa da baƙin alƙalami, muna shafe layukan da Akila ya sha wuyar fassarawa. Shi ya fi kowa sauri, tausayi ma ya ba ni. Dado na zaune tana gadinmu kamar mai kula da jarrabawa.

Da muka kusa gamawa, ta matso kusa da ni, ta zaro ɗaya daga cikin waɗanda ba a shafe ba.

"Yaya," ta ce a hankali, "ina ne sunan yake?"

Na nuna mata. Ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe.

"Kuma nan aka ce na ce ina son shi?"

Na ce nan ne.

Ta waiga ta ga ba mai kallo, ta ninke mujallar, ta cusa a cikin goyo, tsakanin bayanta da ƙirjin yaron.

"Wannan kar ku shafe," ta ce. "Ba ƙarya ya yi mini ba."