Talabijin ɗin Jirgin Na'Allah

Ranar da Barakatu ta fita takaba ba ta ji wani bambanci ba. Ta yi wanka, ta ɗaura sabon zani, mata suka yi ta shigowa suna yi mata barka, tana amsawa. Da suka watse ta koma inda ta saba zama, bakin ƙofa, tana kallon tafki.

Jirgin mijinta Na'Allah yana ɗaure a gaɓa tun rasuwarsa. Jirgin katako ne mai inji, shekara tara yana ƙetarar da 'yan kasuwa da buhunansu. Ƙarƙashin ruwan nan cike yake da kututturan itatuwan da tafki ya haɗiye tun da aka yi dam, su ne ke fasa jirage idan ruwa ya ja baya. Saboda su Na'Allah ya sayar da bijiminsa ya sayo wata na'ura mai ɗan gilashi, wadda ke nuna zurfin ruwa da hanyar da aka bi. Mutanen tunga, ƙauyensu na bakin tafki, suka sa mata suna talabijin. Allah bai ba su haihuwa ba, don haka Barakatu ke binsa. Ita ke zama gaban gilashin tana faɗa masa dama ko hagu, shi yana baya riƙe da inji.

Talabijin ɗin ya mutu tun Na'Allah yana kwance da ciwon hanta, ba wanda ya bi ta kansa. Yanzu ƙaninsa Abdulfatahi ne zai karɓi jirgin, ga rani ya yi nisa, ruwa ya ja, shi kuma bai san hanya kamar yayansa ba. Sau biyu yana kai abin Kontagora. Zuwan farko aka ce masa ba a gyaran irinsa. Na biyu ya yini a kan benci har la'asar, ba wanda ya ko buɗe.

Matarsa Fure ce ta kawo shawara. Ta ce, "Kai ƙato, wa zai kula ka? A tura Yaya. Mace ta tsaya musu da abu a hannu, sai ka ga har mai shayi ya zama injiniya."

Abdulfatahi ya dubi Barakatu. "Yaya, za ki iya?"

Ta ce, "To."

Da sassafe ta naɗe talabijin ɗin cikin tsohon ɗankwali. Ta sauka gaɓa ta kwance doguwar wayarsa daga jikin batir, ta dunƙule ta a jaka. Tafiyar awa uku ce a mota zuwa Kontagora. Matar da ke gefenta ta yi ta ba ta labarin tsadar takin zamani, Barakatu tana gyaɗa kai. Daga tasha keke ya kai ta layin masu gyaran waya.

Shagon farko da ta tsaya na wani Kamaluddeen ne, mai gyaran wayar hannu. Kafin ta gama sallama ya ture wayoyin da ke gabansa, ya ba ta kujerarsa. Maƙwabcinsa Sunday, mai gyaran talabijin da rediyo, ya leƙo ya tsaya. Nan da nan aka zama mutum bakwai. Wani ya sayo mata ruwan sanyi, wani ya juyo mata fanka.

Kamaluddeen ya kwance bayan na'urar. Ya ce gilashin ne ya ƙone. Sunday ya ce a'a, ruwa ne ya shiga, ya nuna wani wuri da sukudireba. Wani mai sayar da caja ya ce irin wannan sai Legas.

Barakatu ta ce, "Kafin ya mutu gaba ɗaya, yakan ɗauke idan jirgi ya daki igiyar ruwa. In na taɓa wayar sai ya dawo."

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki," in ji Kamaluddeen. "Kin kawo shi inda ya dace."

Suka jona masa wuta da wasu siraran wayoyi, suna cusa su cikin ramukan bayansa, bai kama ba. Mai caja ya tambaye ta ina maigidan da har ya bar ta da wannan wahala. Ta ce ya rasu. Duk suka ce Allah ya jiƙansa, sai suka ƙara duƙufa. Aka kawo wata fitila, aka kawo burushi da sinadarin wanki. Mai caja ya ce ta ba shi lambarta, ko da zai ji labarin irinsa. Ta ce ba ta haddace ba.

Ta sake faɗin maganar igiyar ruwa, a daidai lokacin da Sunday da Kamaluddeen ke musu, ba wanda ya juyo. Ta zauna tana kallon ƙananan ƙusoshin suna gangarawa a kan tebur. Ta san ya kamata ranta ya ɓaci. Ta duba cikin zuciyarta ba ta tarar da komai ba, sai nauyin zama.

Bayan azahar suka mayar da murfin, ƙusa ɗaya ta yi saura, Kamaluddeen ya ba ta a hannu. Ya ce wallahi sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma ba zai karɓi ko sisi ba. Gaskiya ya faɗa, gumi ya jiƙa masa riga. Sunday ya ce tun da da batir yake aiki, bari ya raka ta wurin Maikano, mai gyaran wutar mota a bayan tasha.

Maikano dattijo ne, rabin jikinsa na cikin wata tsohuwar bas. Bai ba ta kujera ba, babu ma kujerar. Sai da ya gama abin da yake yi sannan ya fito yana goge hannu. Sunday ya soma bayanin ruwan da ya shiga, Maikano ya ɗaga masa hannu.

"Wa ke aiki da shi?"

"Ni ce, Baba."

"Me yake yi kafin ya mutu?"

Ta faɗa masa. Ya ce, "Ina wayar?"

Ta ciro ta daga jaka. Ya bi ta da yatsa a hankali har ya kai wani ɗan kumburi baƙi a tsakiyarta, ya murɗe. Gidan fiyus ne, cikinsa ya yi kore shar da tsatsa. Ya kankare da reza, ya sa sabon fiyus, ya jona da batirin bas ɗin. Gilashin ya kawo haske.

Hanyoyin Na'Allah suka fito, layi a kan layi, daga tunga zuwa ƙetare. Ga jajayen ɗigo, kowanne kututture, kowanne da sunan da ya rubuta masa: Mai Ƙaho, Na Gwaggo, Azzalumi. Barakatu ta tsura musu ido. Ana ta gaya mata akwai ranar da kukan zai zo, ta ɗauka yau ce. Ta jira. Wata mota ta yi ham a bayanta, ta matsa. Abin da ta ji kawai shi ne ba ta ci komai ba tun safe.

Maikano ya nuna mata yadda ake murɗe wurin, ya sa ta yi da hannunta sau biyu. Ya ce ta riƙa shafa giris, ta naɗe da salatif. Ya ƙara mata fiyus biyu a takarda, ya faɗi kuɗinsa, ta biya. Ta sayi dafaffen rogo a tasha ta ci a mota.

Da ta isa gida Fure ta tare ta. "Ban faɗa ba! Sun taimake ki ko?"

"Sun taimaka. Har su bakwai."

"Ka ji ko?" Fure ta ce wa mijinta.

Barakatu ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, sai ta ga doguwar magana ce. Ta miƙa wa Abdulfatahi jakar ta shige ɗaki.

Ranar kasuwa suka ɗauki mutum ashirin da awaki huɗu. Abdulfatahi yana baya, ita tana gaban gilashi. Tana cewa dama, yana yin dama. A tsakiyar tafki wani kututture da babu shi a cikin na Na'Allah ya nuna a ƙasa, ta ce hagu, da ƙarfi. Jirgin ya kauce, wata tsohuwa ta yi salati. Barakatu ta danna maɓalli ta sa masa ɗigo. Na'urar ta nemi suna, Barakatu ta bar shi da lambar da na'urar ta ba shi.

Suka sauke mutane lafiya. Abdulfatahi ya tafi neman mai, ita kuma ta rufe gilashin da ɗankwali saboda rana, ta zauna cikin jirgi tana jiran masu komawa.