Lambar da ke Hannun Baba

Auta ta juya hannun Baba ta karanta lambar da asibiti ya ɗaura masa: 518327. Na'urar numfashi tana ta aikinta. Likita ya ce babu alamar yana ji, ya bar wa iyali su yanke shawara ko a cire ta.

A bakin ƙofa yayanta ya ce, "Auta, azaba kawai muke ƙara masa."

"Ka ba ni minti biyu, Yaya."

Baba malamin lissafi ne har ya yi ritaya. Suna yara, ba ya barin lambar mota ta wuce bai tambaye su ba: cika ce ko mara? Me ke raba ta? Wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, marowaciya yake kiranta. Ba ya yafe amsar ka-cici-ka-cici, kuma ba su taɓa kama shi da kuskure ba.

Ta sunkuya daidai kunnensa ta karanta masa lambar a hankali.

"Baba, ni dai na ce marowaciya ce. Ban ma duba ba."

Can sai ɗan yatsansa ya taɓa zanen gadon. Ya sake. Ya sake.

"Uku," ta ce. "Yaya, ka gani? Cewa yake tana rabuwa da uku. Gyara ni yake yi."

Nas ta ɗago daga allurar da take haɗawa. "Yatsan yakan motsa haka, 'yar'uwa."

"Ke ba ki san shi ba. Ko a kabari aka yi kuskuren lissafi sai ya tashi."

Yaya ya yi 'yar dariya, ya share ido da bayan hannu, ya tafi ya gaya wa likita a dakata.

A cikin bas, an matse ta jikin taga, ta tuna dabarar da Baba ya koya musu: a tara alƙaluman lamba, in jimlar ta rabu da uku, ita ma za ta rabu. Biyar da ɗaya da takwas, sha huɗu. Da uku da biyu da bakwai, ashirin da shida.

Ashirin da shida kuwa ba ta rabuwa da uku. Ta sake tarawa daga ƙarshe. Ashirin da shida.

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"Na gaya wa Inna Baba ya ji ki. Tun ɗazu take kuka, ta ce a kawo ta gobe ta yi masa magana."

Kwandasta yana miƙo mata hannu.

"To," in ji Auta. "Ka kawo ta."