Shanun Uwar Tagwaye

Tun ranar da bijimi ya matse maigidanta da bangon garke ya karya masa ƙugu, Uwar Tagwaye ce take riƙe da gonar. Ita ce tatsa safe da yamma, ita ce wanke bokitai da tanki, ita ce kwasar kashi. Baban Tagwaye kuwa yana zaune kan kujera a bakin ɗakin tatsa, yana ba da umarnin da ba wanda yake bi. Tagwayen da ake kiran su da su sun girma sun yi aure a nesa, sai dai gaisuwa ta waya.

Shanun ba su da yawa, amma duk wanda ya gan su sai ya sake kallo. Kowace safiya motar kamfani takan tsaya a ƙofar gona, direba ya jona tiyo ya zuƙe madarar da ke cikin tanki, ƙarshen wata a biya. Da haka aka yi rufin kwano, aka aurar da yara, aka sayi injin sanyaya madara.

Sai farashi ya fara sauka. Aka ce madarar gari ce ta cika kasuwa, daga waje ake shigo da ita da araha, kamfani ya dama da ruwa ya zuba a kwali. Da farko an rage kaɗan, mutane suka yi gunaguni suka haƙura. Aka sake ragewa, aka kuma sakewa. Kafin shekara ta zagayo, kuɗin madarar da saniya take bayarwa bai kai na dusar da take ci ba.

"Da ruwan rijiya muke sayarwa da mun fi haka riba," in ji Baban Tagwaye. "Ita rijiya ba ta cin dusa."

Shugaban ƙungiyar masu shanun tatsa yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya fi kowa shanu a yankin, ya kuma fi kowa murya. Ya tara mutane a rumbun gonarsa, ya hau kan buhu ya ce daga gobe ba wanda zai ba motar kamfani madara sai an mayar da farashi.

"Duk wanda ya ba su ko da cikin cokali ne, ba mu ba shi," in ji Yaya. "Ko ubana ne."

Aka yi dariya, don kowa ya san uban nasu ya daɗe a ƙasa. Uwar Tagwaye ta ɗaga hannu tare da kowa.

Matsalar ita ce saniya ba ta san yajin aiki ba. In ba a tatse ta ba hantsarta ta kumbura ta kama ciwo. Don haka Uwar Tagwaye ta ci gaba da tashi da asuba tana tatsa kamar kullum. Ta ba maƙwabta har suka fara mayar mata da kwano a cike. Maruƙa suka sha har suka kama zawo. Sauran sai ta ɗauka bokiti-bokiti ta kai ramin da ke bayan garke ta juye. Ramin ya yi tsami, ƙudaje suka yi masa baƙi, karnukan unguwa suka yi ƙiba.

Dusa ta ƙare. Mai dusa ya ce ba ya bayarwa sai kuɗi a hannu, shi ma waɗanda suke ba shi haka suka ce masa. Shanun suka koma cin busasshiyar ciyawa, haƙarƙarinsu ya fara fitowa, suna kuka duk lokacin da suka ji motsinta. Ta yafa mayafi ta tafi gonar Yaya. Ta same shi yana cin abinci a ƙofar rumbu, buhunan dusa a bayansa har rufi.

"Yaya, ka taimake ni da kaɗan, in an daidaita na mayar maka."

"In na ba ki sai na ba kowa," ya ce, bai ɗago ba. "Kowa haƙuri yake yi. Ki gaida mai jiki."

Kwana kaɗan bayan haka wakilin kamfani ya zo. Ɗan Kwalisa ake ce masa, don ba ya shiga garke sai ya ɗaura leda a takalminsa. Ya gaida Baban Tagwaye da ladabi, ya yaba shanun, ya ce abin tausayi ne dabbobi irin waɗannan su lalace saboda taurin kan wasu. Ya ce wa Uwar Tagwaye in ta yarda mota ta zo, zai aiko mata da dusa tun kafin ta ba da komai, kuma ita kaɗai za a biya a tsohon farashi.

Da ya tafi, maigidan ya ce, "Yayanki fa."

"Yayana shanunsa a ƙoshe suke."

Motar ta biyo ta hanyar baya da tsakar rana, ta sauke buhuna, ta zuƙe tanki ta tafi. Uwar Tagwaye ta tsaya tana kallon shanun suna cusa baki cikin komin dusa, har wani sanyi ta ji a ranta. Amma babbar mota ba ta ɓuya. Kafin yamma ba wanda bai ji ba.

Washegari ta gama tatsar safe ke nan, tanki ya kusa cika, sai ga mutane sun shigo ba sallama, Yaya a gaba. Duk ta san su. Akwai wanda ta yi wa matarsa jinya, akwai wanda ya sha aron injinta.

"Buɗe famfon," in ji Yaya.

"Yaya, ka saurare ni. Shanuna mutuwa za su yi."

"Yau ba ni da ƙanwa a nan. Buɗe da hannunki, kowa ya gani."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Ta sunkuya ta murɗa famfon. Madara ta kwararo kan siminti, ta bi ƙarƙashin kujerar Baban Tagwaye ta jiƙa masa ƙafafu da bakin wando, shi kuwa ba ya iya ɗaga su. Wani daga baya ya ce ai wankan madara gyaran fata ne, wasu suka ƙyalƙyale. Sannan suka jawo buhunan dusar, suka farke su da wuƙa, suka zazzage cikin madarar da kashin shanu, suka bi da ƙafa suna tattakewa.

A bakin ƙofa Yaya ya juyo ya ɗaga murya yadda har na kan hanya za su ji. Ya ce daga yau ba mai saye a gidan nan, ba mai sayarwa, ba mai gaisuwa. Duk wanda ya tako gonar ya zama irinta.

Motar kamfani ba ta sake zuwa ba. Direba ya ce ba zai bari a fasa masa gilashi a kan madarar gida ɗaya ba.

Ana cikin haka Gimbiya ta fara naƙuda. Ita ce saniyar da ta fi kowace madara, da hannunta Uwar Tagwaye ta raine ta tun tana maraƙa. Ɗan ya zo a gicciye. Ta kira likitan dabbobi a waya, bai ɗauka ba. Ta tafi da ƙafa har shagonsa, ta same shi yana jera kwalabe.

"Duk shanun yankin nan ni nake dubawa," ya ce. "In na taka gonarki, gobe wa zai kira ni? Ina da iyali."

"To ka sayar mini da allura."

Ya leƙa waje, ya ga masu zaman benci suna kallo. "Ta ƙare," ya ce, alhali ga ta nan a kan kantar shagon.

Ta koma ta shafa sabulu a hannu ta zura har kafaɗa, tana lalube, tana ja, saniyar tana nishi tana buga kai da ƙasa. Yini guda tana abu ɗaya. Da ta samu ta jawo ɗan, ya riga ya mutu, jini kuma ya ƙi tsayawa. Idon Gimbiya ya fara juyawa. Baban Tagwaye ya sauko daga kujera ya ja jiki a ƙasa har inda take, ya karɓi wuƙa ya yanka ta kafin rai ya fita. Sai ga nama tuli ba mai saye, ba ma mai karɓa kyauta. Suka ɗebi abin da za su iya ci, sauran ta ja shi gunduwa-gunduwa ta binne.

Yajin ya ƙare ba tare da wani ya gaya mata ba. Wata safiya ta ji hon ɗin mota, ta leƙa, ta ga motar kamfani ta wuce ƙofarta ta nufi gonar Yaya. Ashe an yi sulhu. Kamfani ya yarda ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma daga manyan gonaki kaɗai zai riƙa ɗauka. Masu ƙananan garke su kai tasu tankin manya, a cire musu ladan sanyi da na awo. Babban tanki a yankin kuwa na Yaya ne. Waɗanda suka tattake mata dusa su ne yanzu suke bin layi da jarkoki a ƙofarsa.

Ta hau mota ta tafi ofishin kamfani. Ɗan Kwalisa ya bar ta a benci har ƙafarta ta yi tsami, da ya fito sai da ta tuna masa ko ita wace ce.

"Af, na gane. Ai gonarki ba ta kan hanyarmu yanzu. Ki kai wa yayanki mana, ba shi ne shugaba ba?"

"Kai ka ce in ba ku. Saboda ku aka yi mini abin da aka yi."

"Kuma mun gode ƙwarai," ya ce, ya duba agogo.

Yaya da kansa ya zo, wannan karon da sallama, har da ledar lemo ga mai jiki. Ya zauna ya ce abin da ya wuce ya wuce, shugabanci ne ya gaji haka, da bai yi mata ba da sai a ce ya yi son kai. Sannan ya gangaro kan abin da ya kawo shi. Kamfani yana son madara fiye da abin da garkensa yake bayarwa, yana bukatar ƙarin shanu. Ita kuma ga tsufa, ga miji a zaune. Ya faɗi abin da zai biya, kuɗin da ko rabin darajarsu bai kai ba.

"Sun rame," ya ce. "Don ke ce ma."

"Gara wuƙa ta ci su," in ji ta.

"Ƙanwata, kar ki yi fushi da cikinki."

"Ka ɗauki lemonka."

Ta aika aka kira mahauci. Ya zo yana latsa haƙarƙari yana taɓe baki, ya ce ƙashi zai saya ba nama ba, ya yi tayin da bai kai ko na Yaya ba. Baban Tagwaye ya roƙe ta. Ya ce akwai masu ciki a cikinsu, ya ce ta ji tsoron Allah, dabbobin ba su yi mata komai ba.

"Ni ma ban yi wa kowa komai ba," ta ce. Ta juya ga mahaucin. "Da sharaɗi. Mayanka za ka kai su, duka."

"To ni me zan yi da saniya in ba yanka ba?"

Aka loda su a babbar mota suna turjewa. Ba ta fito ba. Ta shiga ɗakin tatsa tana goge tankin da ba komai a cikinsa har ƙarar motar ta ɓace.

Ba a yi mako ba, wata yamma tana shara a tsakar gida ta ji takun shanu a kan hanya. Makiyayan Yaya ne suke dawo da garke daga kiwo, kuma ta ƙofarta hanyar ta bi. Ta ɗago kai, tsintsiya ta faɗi daga hannunta. Ga nata nan a tsakiya, kowace da sabuwar lamba a kunne. Mahaucin ko mararraba bai wuce da su ba, a can Yaya ya tare shi ya ɗora masa 'yar riba.

Wata tsohuwar saniya mai karyayyen ƙaho ta ware daga cikin garken, ta shigo ta ƙofar da ke buɗe, ta wuce kai tsaye ɗakin tatsa ta tsaya a gurbinta. Hantsarta a cike, madara tana ɗiga a siminti. Ta juyo tana kallon Uwar Tagwaye tana jira.

Makiyayin ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi. "Gwaggo, a koro mana ita. An hana mu shiga gidan nan."

Ta ɗauki sanda ta buga wa saniyar a gadon baya. Saniyar ta ɗan matsa, ta koma gurbinta. Ta sake bugawa, a wuya, a fuska, a hantsa, tana bugu Baban Tagwaye yana cewa ya isa, ya isa haka. Sai da hancin ya fashe da jini sannan dabbar ta juya ta fita da gudu, makiyayin ya bi ta yana dariya.

Daga ranar, kafin la'asar take sa sarƙa da kwaɗo a ƙofar gona. Saniyar takan tsaya a waje ta yi ta kuka har sai an zo an zane ta ta wuce. Uwar Tagwaye takan zauna a ɗaki ta ƙure rediyo. An ɗauki lokaci ana haka, sannan wata yamma garken ya wuce ba a ji komai ba.

"Yau ba ta tsaya ba," in ji Baban Tagwaye.

"Na ji," ta ce. "Miƙo kwanonka in zuba maka."